Surame, birnin Kanta da aka ce matattu sun yi masa gadi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san da ƙasa kakanninmu suka yi gini. Ganuwar Kano ta ƙasa ce, ta Katsina ta ƙasa ce, haka fadojin sarakuna da tsofaffin masallatai. Shi ya sa Surame ya fita daban. A cikin daji, yamma da birnin Sakkwato, a yankin ƙaramar hukumar Binji, akwai jerin duwatsu da aka ɗora wani kan wani, sun kewaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 9. Babu ɗaki ko ɗaya mai rufi a ciki, babu hayaƙin girki, sai kukoki da ƙaya da kukan tsuntsaye. Nan ne Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi na farko, ya kafa babban birninsa kimanin shekara 500 da suka wuce, kuma nan aka kai gawarsa.

Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum muna da hannu a labarin nan ta fuska biyu. Ruwayar baka ta ce daga ƙasarmu Kanta ya fito, tarihi kuma ya nuna da kakanninmu aka karya birnin nasa. Duk da haka, idan ka tara yaran sakandare goma a garuruwan nan ka tambaye su Surame, da wuya ka sami wanda zai ce maka ya taɓa jin sunan. Sun fi sanin tsofaffin fadojin Turawa da suke gani a fim. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu zauna mu ɗan waiwayi birnin: wa ya gina shi, da me aka gina shi, waɗanne labarai na ban tsoro ake bayarwa a kansa, kuma me ya rage mana mu yi da shi.

Daga kiwo da dambe zuwa sarauta

Masu ba da tarihin Kabi suna cewa mahaifin Kanta ya zauna ne a Kuyambana, wadda a lokacin take ƙarƙashin Katsina, yau kuma take kudancin jihar Zamfara, ta wajen Ɗansadau. Mahaifiyarsa, in ji su, 'yar Sarkin Katsina ce. Da mahaifin ya rasu aka hana Kanta gadon sarautarsa, sai ya yi fushi ya bar gida, ya shiga kiwo tare da Fulani. A nan ya yi suna wajen dambe da kokawa, har samari marasa tsoro suka riƙa taruwa a bayansa. Da wannan runduna ya nausa yamma, zuwa fadamar Gulbin Kabi.

A wancan zamani babbar daular yammacin Afirka ita ce Songhai, mai hedikwata a Gao, ƙarƙashin Askiya Muhammadu. Kanta ya zama ɗaya daga cikin manyan mayaƙan da ke mara wa Askiya baya. Littafin Tarikh al-Sudan, wanda malamin Tumbutu Abdurrahman al-Sa'adi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, ya kawo yadda suka raba gari. Wajen shekarar 1516 sun tafi yaƙin Agadas tare, aka ci nasara, amma da aka zo rabon ganima Kanta da mutanensa suka ga an tauye su. Suka juya wa Askiya baya. Ya aiko da runduna don ta ladabtar da su, rundunar ta koma ba ta yi komai ba. Bayan shekaru wani Askiyan, Muhammadu Benkan, ya sake gwadawa, shi ma ya sha kashi. Tun daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta, ta zama shinge tsakanin Songhai da ƙasar Hausa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Kanta wuri a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812. Ya ambaci ƙarfin mulkinsa da biranensa, kuma ya nuna cewa ko a kufai, abin da Kabawa suka bari ya wuce na sauran sarakunan ƙasashen nan. Birane uku aka fi danganta wa Kanta: Surame da Gungu da Leka. Har ana ba da labarin wani babban jirgin ruwa da aka lulluɓe masa da tagulla, wanda yake shiga lokacin da fadama ta cika. Ko ba komai, wannan ya nuna irin dukiyar da ke ratsa Kabi, domin tana kan hanyar fatake masu kai gishiri da goro da zinariya tsakanin gabas da yamma.

Da me aka gina shi?

Don mai karatu ya gane abin da ya sa Surame ya zama abin mamaki, sai mu fara da yadda aka saba gina ganuwa a ƙasar Hausa. Magina sukan haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Idan an zo gini, a jera tubalin kai sama, a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ana fara ganuwa da faɗi sosai a ƙasa, tana tashi tana tsukewa, don nauyinta ya zauna a kan gindinta. Ramin da aka haƙi ƙasar shi ne yake zama gwalalo a bayan ganuwa, a dasa masa sarƙaƙiya yadda doki ba zai ratsa ba. Daga ciki kuma a bar badala, inda maharba za su tsaya su ga abokan gaba ba tare da an gan su ba. Ƙofofi ana yin su matsattsu, da ƙyaure na azara da aka ɗaure da ƙarfe, kowace da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da magariba. Kuma ba a cika birni da gidaje har bakin ganuwa. Ana barin gonaki da kududdufai a ciki, saboda in an yi wa gari ƙawanya a sami abin ci da na sha.

Irin wannan gini yana da kyau, yana da sanyi, amma yana da abokin gaba guda ɗaya da ba ya fashi, wato damina. Shi ya sa magina suka ƙirƙiro makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin dabba da dafara, don ruwa ya zame ya bar bango. Ita kuwa ganuwa, kowace shekara bayan kaka sai an yi mata gayya, kowace unguwa da kowane ƙauye da nasu yankin da za su yaɓe. Ranar da aka daina gayya, ranar ganuwa ta fara mutuwa.

A Surame an bi wannan tsari na ganuwa da gwalalo da ƙofofi, sai dai an sauya kayan aiki. Yankin yana da dutse, sai aka fasa shi, aka jera, aka kama shi da jar ƙasa. Ganuwar kuma ba ɗaya ba ce, wata ce a cikin wata, sannan aka keɓe fadar sarki da tata katangar. Wanda ya ɓalla ta waje, sai ya tarar da sabon aiki a gabansa. Wannan ne dalilin da ya sa birnin ya shekara sama da 300 babu mai yi masa gayya, amma har yau ana iya bin sawun katangunsa da ƙofofinsa, alhali wasu ganuwoyin ƙasa da ba su kai shi tsufa ba sun zama tudu.

Aiki irin wannan ba mutanen gari ɗaya ke yin sa ba. Ruwaya ta ce Kanta ya raba wa ƙasashen da ke biya masa gandu yankunan da za su gina. Nufawa suka makara ba su iso da wuri ba, sai ya yi musu tara: ba za su kwaɓa ƙasarsu da ruwa ba, sai da man kaɗe. Aka ce yankin da suka gina shi ya fi kowanne tauri. Mai sauraro zai iya ɗaukar wannan a matsayin zuzuta ikon sarki, amma akwai ilimin gini a ciki, domin har yau magina a ƙasar Mali suna zuba man kaɗe a yaɓe don ya hana ruwa shiga bango. Akwai kuma abin da labarin ke tuna mana ba da niyya ba: kowane dutse da ke wurin wani ne ya ɗauko shi a ka, kuma yawancinsu ba da son ransu ba. Sunan Kanta muka riƙe, nasu ya ɓace.

Dariya ba loto

Labarin da ya fi kowanne tayar da tsigar jiki a kan Surame shi ne na yaƙin Barno. An ce Mai na Barno ya taso da runduna mai yawan gaske ya yi wa birnin ƙawanya, har mutanen Kanta suka fara ƙarewa. Da dare ya yi, Kanta ya sa aka kwaso gawawwaki, aka jingina su a kan ganuwa, kowa da baka da kibiya a hannu, aka tsaga musu baki ta gefe da gefe. Da gari ya waye Barebari suka ɗaga kai, sai suka ga ganuwa cike da dakaru, kowa haƙora a waje, suna ta yi musu dariya. Aka harba kibau, ba wanda ya faɗi, ba wanda ya daina dariya. Rana ta take, suna nan. Magariba ta yi, suna nan. Mai ya ce waɗannan ba mutanen da za a yaƙa ba ne, ya tattara ya juya. Daga nan aka ce Hausawa suka sami maganar nan ta “dariya ba loto”.

Kanta bai bar su sun tafi haka ba. Ya bi bayansu har ƙasar Nguru, aka gwabza. A hanyarsa ta dawowa, a cikin ƙasar Katsina, aka yi masa kwanton ɓauna aka harbe shi da kibiya, raunin ya zama ajalinsa. Wannan ya faru ne wajen tsakiyar ƙarni na 16. Mutanensa suka ɗauko gawar zuwa Surame. A nan ma ruwaya ta ƙara nata: wai don kada maƙiya su san inda yake kwance su tone shi, sai aka gina kaburbura da yawa a wurare daban-daban, kowanne a ce na Kanta ne. Sarkin da ya sa matattu gadi, shi ma da ya mutu sai da aka ɓad da sawunsa.

Idan ka haɗa waɗannan, wato gawawwaki masu dariya a kan katanga, da kabarin da aka ɓoye, da birnin da ya wayi gari babu kowa, ka sami duk abin da ake buƙata don mutane su ji tsoron wuri. Ga shi kuma dama a al'adarmu kufai ba a ɗauke shi wurin da babu kowa ba. Ana cewa idan 'yan Adam suka tashi, mutanen ɓoye ke tarewa. Ana hana yara zama gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana, ana hana ratsa kufai da almuru, in ya zama dole a yi sallama a yi bisimilla. Masu bori ma sun ce iskoki suna da nasu birnin mai suna Jangare, da sarki da fadawa da gidaje, kamar dai yadda biranenmu suke. Ko a fadar da ke cike da jama'a ba a rasa irin wannan inuwa ba: Gidan Rumfa na Kano, wanda Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ya gina, ƙofarsa ta arewa sunanta Ƙofar Fatalwa.

Na gaba ya koma baya

Magadan Kanta sun riƙe Surame sama da shekara ɗari bayansa, amma ƙarfin yana raguwa. A 1674 Asbinawa suka ci Kabi da yaƙi suka ƙwace ƙasar Adar. Daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon na 18, Zamfarawa da Gobirawa da Asbinawa suka matsa mata lamba ta ko'ina, har Sarkin Kabi Tomo ya bar tsofaffin biranen ya koma Birnin Kabi wajen shekarar 1700. Dutse bai hana Surame zama kufai ba.

A lokacin Zamfara ce ke tashe. Amma duniya rawar 'yan mata ce. Gobirawan da Sarkin Zamfara ya ba masauki a ƙasarsa su ne suka juyo kansa. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa a ƙasar da take ta Zamfara. Sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, kafin daga baya cikin ƙarni na 19 su zauna a Anka, inda sarautar take har yau. Ita ma Alƙalawa ba ta daɗe ba, mayaƙan jihadi suka ci ta a 1808, shekara uku bayan Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805. Kabawa suka koma Argungu. A cikin shekara ɗari da 'yan kai, manyan birane huɗu sun faɗi a wannan yanki, kowanne da ganuwarsa, kowanne da masu cewa ba mai iya shigarsa.

Abin da ke cikin kufai

Malamanmu sun karantar da mu cewa aljanu halitta ce tabbatacciya, har akwai sura guda a Alƙur'ani da sunansu. Sun kuma karantar da mu cewa wanda ya mutu ya tafi barzahu, ba ya dawowa yawo a kan katanga. Don haka labarin fatalwa hira ce, a ji daɗinta a matsayin hira. Ni dai a matsayina na ma'aikaciyar jinya, akwai abin da nake so iyaye su riƙe game da waɗannan labarai, domin suna da amfani, suna kuma da illa.

Amfaninsu shi ne sun daɗe suna tsare yara. Tsohon gini matattarar macizai ce da kunamu. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a arewacin Najeriya, tana son ƙarƙashin duwatsu da busasshiyar ciyawa, kuma da yamma take fitowa, daidai lokacin da kaka ke cewa kada a ratsa kufai. Gamsheƙa tana shiga ramuka da kogon itace. Ga tsofaffin rijiyoyi da ciyawa ta rufe bakinsu, ga bangon da ya sha ruwa yana jiran ɗan motsi ya faɗo. Tsohuwar da ta ce wa jikanta akwai mai dogon hannu a can, ta san abin da take karewa. In kuwa tsautsayi ya faɗa maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti da gaggawa a nemi allurar kashe dafi. Wanda gamsheƙa ta tofa wa dafi a ido, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take kafin a tafi.

Illar kuma ita ce idan labarin ya biyo mu har ɗakin mara lafiya. Sau da yawa ana kawo mana yaro yana jijjiga, idanu sun kafe, a tambayi uwa yaushe ya fara, ta ce kwana uku ke nan, an ce ya gamu da iska ne a bayan gari, ana ta hayaƙi da shafe-shafe. Kwana ukun nan su ne suke raba rayuwa da mutuwa idan zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau. Mu a Zamfara ba ma buƙatar a ba mu labari. Annobar sanƙarau da ta game jihohin arewa a 2017 daga jiharmu ta faro. A 2010 kuma, a ƙauyukan Dareta da Abare da Bagega na Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, yara sun yi ta suma suna mutuwa, har sama da 400 suka rasu. Da likitocin ƙungiyar MSF da sauran masana suka bincika, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, ƙurar ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe. Abin da ke kashe su yana cikin ƙasar gidan, kuma sai da aka kankare ƙasar aka ba yaran magani sannan mutuwar ta lafa. Ko sunan shan inna da muke kiran cutar da ke shanye ƙafar yara, daga sunan wata iska aka samo shi, ga shi ɗigon rigakafi ne ya kore ta, har a watan Agusta na 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Haka dannau, wanda mutum zai farka ya ji an danne shi ya kasa motsi: ƙwaƙwalwa ce ta riga jiki farkawa, kuma ya fi samun mai gajiya da ƙarancin barci.

Ba wanda ya hana addu'a, mu ma a bakin gado muna yin ta. Amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Wasu sun mayar da nasu abin nema

A ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya akwai tsohuwar fadar Edinbara, wadda aka gina a kan wani dutse mai tsawo a tsakiyar birni. Ginin da ya fi tsufa a cikinta wata 'yar majami'a ce ta ƙarni na 12. Su ma suna da nasu labaran: wai akwai makaɗin ganga marar kai da ake jin kiɗansa, da wani mai busa da aka tura cikin ramin ƙarƙashin ƙasa yana busa don a bi sautinsa, sautin ya yanke, shi kuma ba a sake ganinsa ba. Mutanen can ba su jefar da waɗannan labarai ba, ba su kuma bar su sun hana su zuwa asibiti ba. Sun rubuta su, sun horar da masu yi wa baƙi jagora su riƙa bayarwa. A 2019 mutum sama da miliyan biyu suka ziyarci fadar, kowa da kuɗin shigarsa. Ka gaya mini, makaɗi marar kai ya fi dakaru masu dariya ba loto daɗin ji?

Surame yana da takardunsa. Gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, kuma tun 2007 yake jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO suna jiran a amince da su, kamar yadda aka amince da Sukur ta jihar Adamawa a 1999 da kurmin Osun a 2005. Amma takarda ba ta yaɓe bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a garuruwanmu mun ga yadda ganuwa ke ƙarewa: wannan ya ɗebi ƙasa ya yi tubali, wancan ya ja katangarsa ya ci taku biyu, wani ya mayar da gwalalo juji, shekara ashirin sai a ce da can akwai ganuwa a nan. A da tsoron iska yana hana mutane taɓa irin waɗannan wurare. Yau tsoron ya ragu, ba mu kuma maye gurbinsa da sanin darajar wurin ba.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne muna cikin yin sababbin kufai. Ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum da Gummi sun tashi saboda 'yan bindiga, rumbuna a buɗe, rijiyoyi ba mai ja. A garin Anka, ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba sai da ya zama mafakar iyalan da suka gudo daga ƙauyukansu. A nan fada ta koma ainihin aikin da aka san ganuwa da shi tun zamanin Kanta, wato wurin da talaka zai ruga ya tsira da 'ya'yansa. Waɗannan mutane sun taho da tarihin garuruwansu a ka: wa ya sari garin, ina tsohuwar kasuwa take, wace tsamiya ce ba a sara. Idan tsofaffin cikinsu suka rasu a gudun hijira ba wanda ya tambaye su, garuruwan za su mutu sau biyu.

Akwai abin da kowane gida zai iya yi ba tare da jiran gwamnati ba. Wayar da ke hannunmu tana ɗaukar murya, a zauna da kaka ko kakan da ya rage a tambaye shi sunayen ƙofofin garinku da waɗanda suka tsare su, da labaran da aka tsorata shi da su yana yaro, a adana. Malaman makaranta su sa ɗalibai su zana taswirar tsohuwar ganuwar garinsu, ko da tudu kawai ya rage. Masu unguwanni su hana ɗibar ƙasa da zubar da shara a abin da ya saura. Wanda kuma hanya ta kai shi Argungu, ya shiga da yaransa gidan tarihin Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, su ga makamai da tambura da kayan sarautar Kabi da idonsu. Shi kansa Surame, sai a tuntuɓi hukuma da mutanen yankin game da lafiyar hanya kafin a ɗaura niyya.

'Yan uwa masu karatu, wane kufai ne ko tsohuwar ganuwa ke kusa da garinku, kuma me aka ce muku yana ciki? Ku rubuto mana a ƙasa, da sunan wurin da yadda kuka ji labarin daga bakin manya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.